Man Shafawar Inna



Hunturun bara faso ya tsattsage dugadugan ƙanwarmu, har da ɗingishi take zuwa Islamiyya. Muka shiga intanet neman magani, sai ga bidiyon wata Baturiya tana jiƙa wani fure rawaya, wai shi dandelion, a cikin mai. Muka kwashe da dariya, ina za mu same shi a Isa? Inna ta leƙo wayar ta ce, "Ai wannan aikinmu ne, furen kawai ne ba namu ba."

A da da man aduwa take haɗa nata. Matan unguwa kan fita daji su tsinto aduwa, a fasa ƙwallon, a soya, a daka, a tafasa har mai ya taso sama. Yanzu wa zai bar uwarsa ta shiga dajin da ke tsakanin Isa da Sabon Birni? Gwaggonmu, wadda ta fi kowa iya aikin, tana can wajen Maraɗi tana gudun hijira. Dole muka koma ga abin da ke cikin gida: man gyaɗa da bedin tsakar gida, wanda wasunku ke kira darbejiya ko dogon yaro.

Karon farko gaggawa ta ci mu. Ɗanyen ganye muka cusa a kwalba, bayan mako guda sai fumfuna da ɗoyi. Man gyaɗa kwalba guda ya tafi a banza, a wannan tsadar! Ashe ruwan da ke cikin ganyen ne ke ruɓar da man.

Na biyu Inna ta tsaya a kanmu. Aka shanya ganyen a inuwa har yana marmashewa a hannu, aka zuba a busasshiyar kwalba, mai ya shanye kansa. Mako uku muna girgizawa kullum, sannan muka tace da farin ƙyalle, muka haɗa da narkakken man kaɗanya. Warinsa ba daɗi, kada mu ɓoye muku. Kuma na shafawa ne kawai, ba a ɗura wa yaro, don man bedi yana yi wa ƙananan yara mummunar illa.

Kowane dare ƙanwarmu ta jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi, ta goge da dutsen kaushi, ta shafa, ta sa safa. Kafin sanyi ya wuce ta daina ɗingishi.

Da muka ba Gwaggo labari a waya, ba ta ma tambayi man ba. Cewa ta yi, "Aduwar nan ta bakin gonarmu, tana nan kuwa?" Rabon ɗan gidanmu da gonar shekara uku ke nan.