Mubi: Daga Yashin Yedzaram Zuwa Bakin Famfo

Matafiyin da ya taso daga Yola ya bi ta Song da Gombi da Hong, tun kafin ya kai Mararraba zai fara hango duwatsun Mandara sun yi jerin gwano ta gabas, watau kan iyakar Nijeriya da Kamaru. A gindinsu Mubi take zaune, garin da ya zama hedkwatar Lardin Sardauna bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 1961. Galibin baƙi kasuwar shanu ce ke kawo su. Amma wanda ya kwana biyu a ƙauyukan kewaye, wajen Vimtim ko Muchalla ko Gella, zai tarar zancen ruwa ya fi na shanu yawa a bakin jama'a.

Kogin Yedzaram ne ya ratsa Mubi, ya nufi arewa ta Bama, ya doshi Tafkin Chadi. Da damina yakan cika ya batse, har wani lokaci ya yi ɓarna. Da zarar ruwan sama ya ɗauke a watan Oktoba sai ya shiga ja da baya, kafin watan Maris kuwa yashi ne shimfiɗe a wurare da yawa. To, a nan aikin mata ke farawa. Tun da asuba sukan tona rami cikin yashin, su tsuguna suna jiran ruwa ya tsattsafo, suna kwalfa da ƙoƙo kaɗan-kaɗan har jarka ta cika. Shanu ma nan suke sha. Yarinyar da aka aika wannan aiki, in ta dawo hantsi ya dubi ludayi, malami ya riga ya kira suna.

Dalilin wahalar yana ƙarƙashin ƙasa. Yankin nan kan fa yake zaune, ruwa ba ya kwanciya sai cikin tsagar dutse ko inda dutsen ya rududduge. Saboda haka rijiyar hannu takan ƙafe da bazara, mai haƙa rijiyar burtsatse kuma in bai dace da tsaga ba, ya yi asarar kuɗinsa.

Inda aka dace kuwa, ba sai an gaya wa baƙo ba. Zai ga 'yan makaranta da fararen riguna. Zai ga ɗan lambun yakuwa da alayyafo inda rarar ruwan famfo ke gangarawa. Matar da a da take ɓatar da safiyarta a rafi, yanzu ta gama ɗiba kafin kunu ya huce, ta samu sukunin suyar ƙosai ko matsar man gyaɗa ta kai kasuwa. Kuɗin da maigida ke kashewa kan maganin gudawar yara ya ragu. Tsofaffi a ƙasar nan ba su manta da kurkunu ba, wanda shan ruwan kududdufi ke kawowa, ya kwantar da manomi daidai lokacin noma. A 1988 an ƙidaya masu ɗauke da shi fiye da 650,000 a Nijeriya, sai a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an rabu da shi, kuma tace ruwa da haƙa rijiyoyi suna cikin abin da ya kashe shi.

Amma fa ruwa mai haske ba lalle ne mai tsabta ba. A watan Mayu na 2018 cutar amai da gudawa ta ɓarke a ƙananan hukumomin Mubi ta Arewa da ta Kudu, ɗaruruwa suka kwanta, aka rasa rayuka. Cikin matakan da aka ɗauka har da zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a wuraren ɗiban ruwa, domin rijiyar da ke maƙwabtaka da masai, ko jarkar ɗan ga-ruwa da ba a wankewa, ta isa ta rarraba cuta unguwa guda.

Abin takaici shi ne famfon da ya lalace. Ranar buɗewa akan yi taro da kiɗa da jawabai, amma ba a cika tambayar wanda zai gyara ba. Wata 'yar roba ce za ta cinye cikin famfon tuƙa-tuƙa, kuɗinta bai taka kara ya karya ba, sai a bar shi shekara guda awaki na hutawa a gindinsa. Ƙauyen da ya naɗa kwamiti, kowane gida na ba da ɗan abin da ya sawwaƙa duk wata, aka kuma koya wa wani saurayi kwancewa da ɗaurawa, nasu famfon yana aiki. Maƙwabtansu da ke jiran mai mulki ya waiwayo, matansu sun sake ɗaukar ƙoƙo sun koma yashin Yedzaram.