Wa Zai Rubuta wa Gajere Makinsa?

Duk watan Mayu, a nan birnin Shikago inda nake zaune, ƙungiyoyin ƙwallon kwando na NBA kan tara samarin da suka yi fice a jami'o'in Amurka su yi musu awo. A cire wa yaro takalmi a auna tsawonsa, a sa ya buɗe hannuwa a auna daga yatsa zuwa yatsa, a gwada tsallensa da gudunsa, likitoci su lalube gwiwa da idon sawu, sannan a zaunar da shi a yi ta yi masa tambayoyi. A watan Yuni ake zaɓe, kuma gurbin bai wuce sittin ba.

Wanda ya fi shan bincike shi ne mai raba ƙwallo, wanda 'yan wasa ke kira lamba ɗaya. Dogon ɗan wasa da ganinsa an gama rabin hukunci. Shi kuwa wannan galibi shi ne gajeren cikin biyar, kuma a ƙwaƙwalwa aikinsa yake. Don haka sai a koma ga lissafi. Sau nawa ya miƙa ƙwallon da aka jefa kwando, sau nawa ya zubar? Idan dogon abokinsa ya tare masa mai tsaronsa, yana karanta inda ƙofa ta buɗe ko rufe ido yake ya afka? Jifansa na maki uku zai kai kuwa, tunda layin jami'a mita 6.75 ne, na NBA kuma ya kai mita 7.24? A jami'a daƙiƙa 30 ake ba ƙungiya ta yi jifa, a NBA 24, kuma wannan shidan da aka rage a wuyansa take. Har shekarunsa ana sa su a ma'auni: ɗan shekara 22 da ya gama karatu, sai a ce ya riga ya nuna iyakarsa, a ɗauki ɗan 19.

Duk da wannan ƙwaƙƙwafi, suna tafka kuskure. Fred VanVleet ya yi shekara huɗu yana buga wa jami'ar Wichita State, amma a zaɓen 2016 ba wanda ya kira sunansa. An ga gajere ne, ba shi da tsalle. Ƙungiyar Toronto ce ta ɗauke shi daga baya, a lokacin da Masai Ujiri, wanda a Zariya ya tashi, ke shugabantarta. A 2019 suka ci kofi tare. Haka Gabe Vincent, ɗan asalin Najeriya da aka haifa a Kalifoniya: an tsallake shi a 2018, ya bi ta ƙaramar gasa har Miami ta lura da shi. Shi ne ya ci maki 21 a Las Vegas a Yulin 2021, ranar da 'yan wasan Najeriya, D'Tigers, suka doke Amurka 90 da 87.

Abin da ya ceci mutanen nan biyu, a ganina, ba idon basirar wani ba ne kawai. Ƙungiyar jami'a a nan tana buga wasa talatin ko fiye tsakanin Nuwamba da Maris, kowanne da faifansa da takardar lissafinsa. In an ƙi ka yau, shaidarka tana ajiye, gobe wani zai buɗe.

A Bwari na tashi, kuma duk sa'ad da na ga ana wannan awo sai garin ya faɗo mini. A can hedikwatar hukumar JAMB take, inda ake ajiye makin ɗalibai fiye da miliyan guda kowace shekara, kowa da lambarsa. Ga makarantar horar da lauyoyi, ga jami'ar Veritas, ga samari cike daga Kubwa zuwa Dutse zuwa Ushafa. Amma a filayen siminti da muke wasa bayan la'asar, ban taɓa ganin mai riƙe da biro ba. Yadda ake tantance ɗan wasa shi ne baki: "Kai, yaron nan ya iya!" Wanda ya wulaƙanta mai tsaronsa da yanka, shi ake yi wa ihu. Wanda ya hango abokinsa a lungu ya miƙa masa a kan lokaci, ko tafi ba ya samu. Gasar jami'o'i ta NUGA kuwa biki ne na 'yan kwanaki, ba kaka ce da za a bi yaro mako-mako ba.

Shi ya sa mai farautar 'yan wasa in ya sauka Najeriya da kwana uku a hannu, abin da ido ke gani nan take yake nema, wato tsawo. Ba na ganin laifinsa. Duba waɗanda suka fita: Hakeem Olajuwon daga Legas, na ɗaya a zaɓen 1984, Precious Achiuwa da Udoka Azubuike a 2020, Charles Bassey a 2021. Dukkansu dogaye ne. Muna fitar da dogaye, sannan in ƙasa na neman mai raba ƙwallo sai a waiwayi waɗanda aka raina a Amurka. Ba ƙwaƙwalwa muka rasa ba. Dogo yana iya fara wasa a makare ya cim ma sa'o'insa, kamar yadda Olajuwon ya yi bayan ya baro tsaron gida a ƙwallon ƙafa, amma lamba ɗaya sai ya tara ɗaruruwan wasanni na gaske kafin idonsa ya buɗe, kuma sai an bi shi tsawon lokaci kafin a gane.

Gasar ƙwallon kwando ta Afirka, BAL, da aka fara a Kigali a 2021 ta ɗan sauya lamarin, domin duk wanda ya buga wa Rivers Hoopers ko Kwara Falcons a gasar, lissafinsa ya shiga kundi. Sai dai tsakanin filin unguwa da wannan mataki akwai tazara. Ƙanena ya taɓa turo mini faifan wani yaro na daƙiƙa arba'in, duk yanka da jifa, wai in nuna wa wani koci. Kocin ya kalla, ya yaba, sannan ya ce a aiko masa da cikakken wasa daga farko zuwa ƙarshe, har da wanda aka ci su, don yana so ya ga abin da yaron ke yi bayan ya zubar da ƙwallo. Aka bincika, ba wanda ya taɓa ɗauka.