Na Gaba Idon Na Baya

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar mana gonaki biyu, da gida a Magarya, da mota guda. Ranar rabon gado an daɗe ana lissafi a kan gonakin da gidan. Motar kuwa ba wanda ya ɗaga kai ya dube ta, sai ta faɗo hannuna, ni malamin makaranta da ban taɓa sayen ko taya ba. Peugeot 404 ce mai buɗaɗɗen baya, irin wadda direbobinmu ke kira kat-san-kat. A Faransa aka fara ƙera wannan samfuri a 1960, a 1975 kuma aka fara harhaɗa shi a Kaduna, shi ya sa kayan gyaransa suka wadata daga Kano har Damagaram. Tamu a Kano mahaifina ya saye ta a hannu a 1982, ta shafe shekara talatin da ɗoriya tana jigilar wake da gero da raken fadamun Bande da Waca.

Na riƙe ta da amana iyakar ganina. Ina duba mai da ruwa kowace safiya, ina sauraren inji, ina gwada birki, fitilun gaba kuwa ko kaɗan ba na wasa da su, domin da su nake ganin rami da dabba. Sai daga baya na lura cewa duk abin da nake dubawa abin da ke amfanina ne ni da ke zaune a gaba.

Wata Alhamis ta watan Janairun 2018 na taso daga Dungas bayan magariba, ni da wani abokin aikina, za mu Magarya. Ranar kasuwar Maigatari ce, hanya cike da masu dawowa: motocin dabbobi, da babura, da amalanken shanu. Hazon hunturu ya haɗu da ƙurar da ababen hawa ke tayarwa, har mutum ba ya ganin abin da ya wuce taku talatin. Da muka kusa ƙauyen da abokina zai sauka, na kunna fitilar kwana, na ji tana ƙaf-ƙaf ɗinta, na taka birki. Sai ƙara a bayana, sai ihun mace.

Mai babur ne, ya goyo matarsa da jariri a bayanta. Ya kauce wa motar da kyar, rairayin gefen hanya ya kwashe su. Allah ya tsare jaririn, amma hannun matar ya karye. Na fito da faɗa a bakina, ina shirin tambayarsa ko makaho ne. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Malam, wallahi ban gan ka ba. Ba wuta ko ɗaya a bayanka." Na rantse na ba da alama. Abokina ya ce in koma in taka birki, shi ya tsaya a baya ya duba. Fitilar hagu a mace take. Ta dama tana ɗan ja kamar garwashin da toka ta rufe. Fitilar kwana kuwa ta gaba ce kaɗai ke ƙyaftawa. Muka ɗauke su zuwa asibiti a Magarya, ban ƙara cewa uffan ba har muka isa. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Ni nawa a bayana yake, ina jan sa dare da rana.

Washegari na kai motar wurin wani dattijo mai gyaran wutar mota, wanda ya san ta tun zamanin mahaifina. Ya kwance murfin fitilun, ya ɗaga ɗaya sama ya nuna mini. Rana ta cinye jan, ƙura ta shige ciki ta zama laka ta bushe. Ya ce, "Ɗana, wutar mota tafiya take ta dawo. Tana fita daga batir ta waya, ta koma ta ƙarfen jikin motar. Dubi inda aka ɗaure wannan waya, tsatsa ta ci wurin. Wutar ta rasa hanyar komawa gida, shi ya sa take sanyi." Ya nuna mini ƙwan fitilar baya mai zare biyu a ciki: ƙarami mai wat 5 na tafiyar dare, babba mai wat 21 na birki. A na hagu duka biyun sun tsinke.

Sannan ya tambaye ni ko ban ji bugun fitilar kwana ya canza ba. Na ce na ji, ya fi wata uku, na ɗauka tsufa ne. Ya girgiza kai. A irin waɗannan motoci, in ji shi, wani ɗan ƙarfe ne ke sa ƙyaftawar: wuta ta bi ta cikinsa ya yi zafi ya lanƙwashe ya yanke ta, ya huce ya dawo ya haɗa. In ƙwai ɗaya ya mutu, nauyin wutar ya ragu, sai bugun ya canza. "Motar ta yi ta faɗa maka, Malam, kai ne ba ka jin yarenta." Wannan magana ta yi mini nauyi, ni da na shekara ashirin ina koyar da harshe.

Shawararsa ita ce kada a tsaya ga canza ƙwai. A sabunta wayoyin baya gaba ɗaya, a kankare tsatsa, a sa sababbin murafe, a sa ƙwayayen zamani da ake kira LED, a ƙara fitilar birki ta uku a saman ƙarfen rumfa. Ya yi mini bayanin dalili. Tsohon ƙwai sai zarensa ya yi zafi kafin ya haska sosai, abin da ke cin kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Sabon kuwa nan take yake kamawa. Na yi lissafin da kaina a kan takarda: mai gudun kilomita 80 a awa yana cin mita 22 a daƙiƙa guda, ke nan wannan ɗan jinkiri ya haura mita 4, tsawon ƙaramar mota. Amma sabon ƙwai wuta kaɗan yake sha, ba ta isa ta zafafa ɗan ƙarfen nan yadda ya kamata ba, don haka dole a musanya shi da na lantarki, in ba haka ba fitilar ta ruɗe ko ta tsaya cak. Ƙa'idar da ƙasashe suka yarda da ita ita ce ƙyaftawa 60 zuwa 120 a minti, ja a baya, ruwan goro a kwana. Fitila ta uku kuma ba ado ba ce: an wajabta ta ga sababbin motoci a Amurka tun samfurin 1986, a Turai tun 1998, domin tana daidai da idon wanda ke biye.

Wanda ya ƙi wannan aiki shi ne baffana, ƙanin mahaifina. Da ya ji labari ya aiko a kira ni. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce, "Na ji za ka maida motar Yaya ta ƴan biki. Shekara talatin yana tuƙa ta haka, wa ya taɓa bugewa?" Na fahimci abin da ke ransa. Ya ga samarin da ke liƙa wa ababen hawansu fitilu shuɗɗa da korra da farare a baya, masu kashe idon na biye su ruɗa shi, har ya kasa sanin ko tafiya ake ko tahowa. Kuma motar ita ce abu na ƙarshe da ya rage da kamannin ɗan'uwansa.

Na ce, "Baffa, ku gafarce ni. A zamanin Baba akwai yaron mota a baya. In za a tsaya, shi ke buga ƙarfe ya miƙa hannu. In mota ta lalace, shi ke gudu ya karyo ganye ya jera a kan hanya tun daga nesa. Baba bai taɓa barin na baya cikin duhu ba, da mutum yake yi masa magana. Ni ba ni da yaron mota, babura kuma sun cika hanyar da a da sai a yi tafiya mai nisa ba a gamu da ko ɗaya ba." Ya yi shiru. Can ya tambayi jikin matar, ya ce in je in sake dubo ta da sunansa. Da zan fita ya ƙara da cewa, "Ja dai, kada ka sa mata wani launi." Haka aka yi. Da rana ba mai gane an taɓa motar, sai in ya lura da ƴar fitilar da ke saman rumfa.

Tun daga lokacin na fara kallon hanyoyinmu da wani ido. Direbobin manyan motoci suna da yarensu na fitila: in na gaba ya kunna ta hagu alhali ba kwana zai yi ba, yana ce maka kada ka wuce, akwai mai tahowa; in ya kunna ta dama, ya ba ka hanya. Kakanninmu sun ce na gaba idon na baya ne. Ga shi maganar ta zauna daram a kan kwalta. Sai dai akwai masu tafiya a hanyar nan da ba su da bakin magana sam. Amalanken shanu da ya ɗauko rake ko kara da dare ba shi da batir, ba shi da ƙwai, lodinsa kuma ya fi shi faɗi. Abin da yake bukata ƙyalle ne mai maido da haske, irin jan da ake liƙa wa manyan motoci, wanda ba ya cin wuta, ba ya mutuwa sai dai ya yi datti a goge. Na sayo naɗi guda, ni da ɗaliban ajina muka yanka, muka bi masu amalanke na unguwarmu muna roƙon izini muna liƙawa. Wasu sun yi mana dariya, wasu sun dawo neman na maƙwabta.

Ina ganin wannan aiki ne da ya dace da mu malamai da ƙungiyoyin al'adu, mu da ke da aji da dandali da wasan kwaikwayo. Muna koya wa yara gaisuwa, da yin sallama kafin shiga gida, da gyaran murya kafin a ratsa zaure. Fitilar baya ita ma daga wannan tarbiyya take: sanar da wani inda kake da abin da kake shirin yi, don kada ka cuce shi. Kuma abu ne da mutum ba ya iya duba wa kansa, sai ya nemi wani ya tsaya masa.

Matar ta warke, ko da yake mijinta ya gaya mini hannun yana yi mata tsami in sanyi ya sauko. Ni kuwa duk ranar da zan yi tafiyar dare, ƙaramar ƴata ce ke zagayawa bayan motar kakanta. In taka birki ta ce, "Ta kama, Baba." In kunna hagu, in kunna dama, ta amsa. Sai ta ce duka sun yi nake sa giya.