Yarinyar da ta hau doki zuwa makarantar kwana a 1817

1/ Jama'a, akwai wata mata da labarinta ya daɗe yana yi min yawo a rai. Sunanta Sarah Childress, an haife ta a 1803 kusa da Murfreesboro, jihar Tennessee a kudancin Amurka. Ku biyo ni a hankali, zaren na da ɗan tsawo.

2/ A 1817, ba ta wuce shekara 14 ba, mahaifinta Joel Childress ya tura ta da yayarta Susan makarantar 'yan mata ta Salem, a North Carolina. Tafiyar kusan mil 500 ce, kuma a kan doki. Ba jirgin ƙasa, ba waya. Sai dai wasiƙa.

3/ Kiristoci 'yan ɗarikar Moravian ne suka kafa makarantar a 1772, lokacin da yawancin mutane ke ganin karatun 'ya mace ɓata kuɗi ne. Ana koyar da nahawu, lissafi, tarihi, labarin ƙasa, kiɗa, zane da ɗinki.

4/ A 1819 uban ya rasu, 'yan matan suka tattaro kayansu suka dawo gida. Shi ke nan, karatu ya tsaya. Nan ne wurin da ya fi sosa min rai. Duk wanda ya taɓa ganin yarinya mai ƙoƙari ta ajiye jaka saboda mai biyan kuɗin makaranta ya kwanta dama, ya san wannan ciwon.

5/ Amma ɗan abin da ta samu ya yi mata rana. A 1824 ta auri wani matashin lauya, James K. Polk, wanda ya zama shugaban Amurka a 1845. Ita ke karanta masa jaridu, tana duba jawabansa, tana rubuta wasiƙu. Kusan sakatariyarsa ce ba albashi.

6/ To, da a nan labarin ya ƙare da na ce madalla. Sai dai tambayar da ta hana ni sakat ita ce: da kuɗin wa aka biya makarantar? Joel Childress attajiri ne mai gonaki da bayi. Gumin baƙaƙen fata na cikin kuɗin nan.

7/ Kuma a 1830 jihar North Carolina ɗin nan ta yi dokar hana koya wa bawa karatu da rubutu. Wato 'yar mai gida tana koyon nahawu, 'yar baiwar da ke wanke mata kaya kuwa, wanda ya koya mata baƙi ya yi laifi.

8/ Polk ya rasu a 1849, wata uku da sauka daga mulki. Ba su haihu ba. Sarah ta ci gaba da cin amfanin gonar audugarsu a Mississippi, bayi na noma mata. Ta zauna a Nashville cikin baƙaƙen kaya har ta rasu a 1891, shekara 42 bayan mijin.

9/ Ni dai ba na iya raba biyun. Ina jinjina wa uban da ya ɗora 'ya'yansa mata a doki don neman ilimi. Amma ilimin bai sa Sarah ta saki bayinta ba. Sunanta na cikin littattafai, 'yan matan da suka tsinci audugar kuwa, yawancinsu ba a bar su sun iya rubuta nasu sunan ba.