Daga Yawunde Zuwa Tibati: Hanyar Fatake, Hanyar Majiyyata

Duk wanda ya tashi daga Nkomkana ko Birketeri ya nufi Tibati ta hanyar Ntui da Yoko, to ya san ya bi sawun kakanninmu fatake, waɗanda suka riƙa gangarowa daga tudun Adamawa neman hauren giwa da goro. Da an ƙetare kogin Sanaga sai kurmi ya fara raguwa, ƙasa ta riƙa hawa, har a isa Yoko, garin Babute, inda sanyin asuba kan sa baƙo neman bargo. Tafiya ce ta fiye da kilomita 400, kuma ana iya shafe dogon zango ba a ga ɗakin shan magani ba. Nan ne mutum kan tambayi kansa: ya mutanen da suke yi idan ciwo ya kama su?

Dattawan hanyar suna ba da amsa. Wanzami shi ne likitan gari, yana ƙaho, yana sakiya, yana cire beli. Karaya ta mai ɗori ce, haihuwa ta ungozoma, malam kuma ya ba da rubutu. In abin ya gagara, sai a ɗaura majiyyaci a kan gadon itace, majiya ƙarfi su ɗauke shi kwana da kwanaki. Da damina kuwa, idan rafuka suka cika, mace mai doguwar naƙuda sai dai addu'a.

Maganin Turawa da ƙafa ya fara shiga ƙauyuka. Likita Jamot, Bafaranshe, ya zauna a Ayos daga 1922 yana yaƙi da ciwon barci wanda ƙudan tsando ke kawowa. Ma'aikatansa kan tara gari guda, su lalubi wuyan kowa suna neman kaluluwa, su duba jini, su yi allura. An ceci rayuka da yawa, amma a yankin Bafia an zarce ƙa'idar maganin har ɗaruruwan mutane suka makance, abin da ya sa wasu suka daɗe suna gudun allura. Sunansa ne asibitin Jamot na nan Yawunde yake ɗauke da shi.

A kan tudu kuwa, 'yan mishan sun kafa asibitoci. Mutanen Norwe sun buɗe na Ngaoubela kusa da Tibati a 1947, da na Ngawundare a 1957. Can yamma a Kumbo an buɗe na Banso a 1949, sannan Mbingo a 1952 domin kutare. Musulmi, Fulani da Hausawa, sun yi ta zuwa waɗannan wurare, domin ciwo ba ya tambayar addini. Da jirgin ƙasa ya isa Ngawundare a 1974, sai aka samu damar kawo masu ciwo mai tsanani Yawunde a kwana ɗaya.

Shi ya sa da wuya a sami gida a unguwarmu wanda bai taɓa saukar da ɗan'uwa daga arewa ba, da takardar likita a aljihu da guzuri kaɗan. Jama'a, mu da asibiti ke bakin ƙofarmu, kada mu gaji da irin waɗannan baƙi. A ba su masauki, a raka su, a yi musu tafinta a gaban likita, domin da yawa ba sa jin Faransanci. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.