Malamin da Ya Leƙa Bayan Aji

Duk lokacin da na tsaya gaban allo, nakan tuna da Muhammad Yunus. Malami ne a Jami'ar Chittagong sa'ad da yunwa ta auka wa Bangaladash a 1974. Yana cikin aji yana karantar da tattalin arziki, jama'a kuwa suna mutuwa a waje. A 1976 ya shiga ƙauyen Jobra, ya tarar bashi da ruwa ya yi wa mata masu saƙar kujerun gora katutu. Dala 27 kacal ya ranta wa mutum 42, kuma nan ne tushen Bankin Grameen. Rance kaɗai bai kawar da talaucin ƙasar ba, amma labarin ya hana ni sakat: a tsawon shekarun da na yi ina koyarwa, wa ilimina ya fid da daga ƙangi?