Hutun Damina A Kan Hanya: Kano, Jos, Bauchi Da Yankari Cikin Kwana Bakwai

Dogon hutun makarantu a ƙasar nan yana faɗowa ne a tsakiyar damina, daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Satumba, lokacin da marka ta kankama, gero ya fitar da kai, ƙasa ta yi shar kamar an shimfiɗa mata koren kilishi. A daidai wannan lokaci ne masu hali ke neman bizar Dubai ko Masar, marasa hali kuma su tura yara darasin hutu don a rage hayaniya a gida. Tsakanin waɗannan biyu akwai hanya ta uku da muka yi wa riƙon sakainar kashi, wato magidanci ya ɗebi iyalinsa a mota, ko ɗalibai su haɗa kuɗi su ɗauki shatar bas, a zaga a ga ƙasa.

Duk wanda ke koyarwa a jami'a ya san gibin da rashin wannan al'ada ya bari. Za ka sami ɗalibi mai ƙwazo ya yi bayanin fasahar Nok a jarrabawa tiryan-tiryan, amma bai taɓa tsayawa gaban ko da gunki ɗaya na Nok ba, alhali suna nan a Jos, tafiyar yini guda daga ɗakin karatunsa. Wanda bai san maƙwabcinsa da ido ba, da jita-jita zai san shi, kuma mun ga irin abin da jita-jita ta jawo mana a Arewa. Shi ya sa nake ganin tsara irin wannan tafiya ya wuce batun shaƙatawa kawai.

Zagayen da nake ba da shawara ya tashi daga Kano, ya bi ta Dajin Falgore da Saminaka ya hau Jos, ya gangara Bauchi, ya shiga Yankari, sannan ya komo Kano ta Ningi da Birnin Kudu. Daga Kano zuwa Jos kimanin kilomita 300 ne, Jos zuwa Bauchi kimanin 130, Bauchi zuwa sansanin Wikki a cikin Yankari kimanin 110, sai a sake 110 na dawowa, sannan wajen 300 daga Bauchi zuwa Kano. Idan aka haɗa da zirga-zirgar cikin gari, a ƙaddara kilomita 1,100. Motar da ke shan lita 10 a kowace kilomita 100 za ta buƙaci lita 110 ke nan, kuma tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan lissafi shi ne farkon abin da mai tafiya zai zauna ya yi da alƙalami. Amfanin zagaye a kan tafi-ka-dawo shi ne, in ban da guntun hanyar Yankari, ba a bin hanya ɗaya sau biyu, kuma birni da karkara suna karɓa-karɓa, ido ba ya gundura.

Kano ta cancanci yini guda cur, har ga wanda aka haifa a cikinta, domin sau da yawa ɗan gari ne ya fi jahiltar garinsu. A fara da hawa Dala da sassafe, kafin rana ta ɗaga. Daga can sama ne yaro zai fahimci dalilin da ya sa mutanen farko suka zauna a nan, ya kuma ga abin da ya rage na ganuwar da tarihi ya ce Sarki Gijimasu ya fara a ƙarni na 12, ya ga inda gine-gine suka cinye ta. Daga nan sai Gidan Makama, sai Kasuwar Kurmi da ake jingina kafuwarta ga zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, sai marinar Ƙofar Mata inda har yau ake tsoma zane a ruwan baba. A bar yara su tambayi marina da bakinsu yadda ake haɗa baba da toka, da kwanakin da ruwan ke yi kafin ya nuna. Amsar da za su samu a bakin karofi ta fi zama a kai fiye da wadda za su haddace a littafi.

Rana ta biyu a kama hanya bayan sallar asuba. Hanyar Zariya za a bi ta Kura da Kadawa, inda gonakin shinkafa ke shan ruwan madatsar Tiga da aka gina a zamanin Gwamna Audu Baƙo, har zuwa Kwanar Ɗangora, inda za a karkata zuwa Tudun Wada. Daga nan ƙasa take fara sauya kama. Bishiyoyi su ƙara tsawo da kauri, duwatsun Riruwai su ɓullo daga nesa, hanya ta kutsa cikin Dajin Falgore. A damina dajin nan abin kallo ne ƙwarai, sai dai kallonsa daga cikin mota ake yi, da rana tsaka, ba tare da tsayawa ɗaukar hoto ba, domin ya daɗe da sunan maɓoyar ɓarayin shanu da 'yan fashi. Wurin tsayawa shi ne Saminaka, ƙasar masara, inda gonaki ke miƙewa iyakar ganin ido, gasasshiyar masara kuma tana jiran matafiyi a bakin titi. Bayan Jengre sai mota ta fara hawa, iska ta fara sanyi, a nemo rigunan sanyin da aka yi ta gardamar ɗaukowa a gida.

Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku, kuma wannan tsayi shi ne asalin komai nata. Shi ya ba ta sanyi, shi ya ba ta dankalin Turawa da kabeji da karas da ake lodi a Kasuwar Farin Gada zuwa sassan ƙasar nan. Garin kansa kuza ce ta gina shi. Haƙar kuza a farkon ƙarni na 20 ta jawo leburori da 'yan kasuwa daga ƙasar Hausa da Barno da Kudu, suka zauna tare da Birom da Anaguta da Afizere da suka tarar, har aka shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya don kwashe ma'adinin. Tafkunan da matafiyi zai gani birjik a kan tudun, masu ruwa kwance gwanin sha'awa, yawancinsu ramukan haƙar kuza ne da ruwa ya cike. Suna da zurfi, kada a bar yaro ya matsa kusa da su.

A cikin irin wannan haƙa ne aka fara tono gumakan yumɓu na Nok, waɗanda shekarunsu suka haura 2,000. Gidan tarihin Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, yana ɗauke da wasu daga cikinsu, kuma a harabarsa akwai sashen gine-ginen gargajiya inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya da laka. Bahaushen da ya je nan zai ga aikin kakanninsa an ajiye shi a ƙasar wasu ana girmamawa, abin da ya isa ya sa shi tunani a kan yadda yake riƙon na gida. Yini na biyu a Jos a ba wa duwatsu: Tsaunukan Shere da ke gabashin gari, ko duwatsun Riyom da suka ɗare kan juna kamar da hannu aka jera su. A nan akwai wata gaskiya da ba ta ɓoyuwa. Tun rikicin 2001 garin ya rabu unguwa-unguwa, kuma ƙauyukan kewaye sukan shiga tashin hankali. Baƙo ya nemi ɗan gari amintacce ya yi masa jagora, ya ji shawararsa a kan inda za a je da inda za a bari sai wani jiƙon. Matambayi ba ya ɓata.

Gangarowa daga Jos zuwa Bauchi ta Tilden Fulani da Toro da Nabardo, a ganina, ita ce mafi kyawun gaɓa a tafiyar duka. Duwatsu ne a dama da hagu sanye da ciyawa, rafuka na gudu a ƙarƙashin kowace gada, garken shanu na kiwo a gindin tsauni, ga Dutsen Zaranda ya tokare sama kafin a shiga gari. Bauchin Yakubu, wadda Malam Yakubu, ɗaya daga cikin masu tutar Shehu Usmanu, ya kafa a farkon ƙarni na 19, gari ne mai natsuwa, kwana ɗaya ya wadatar. Wurin da bai kamata a tsallake ba shi ne kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan Nijeriya da aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966. Kayansa na amfanin yau da kullum da aka adana a wurin ba su da yawa, kuma ƙarancin nasu shi ne darasin. Matashin da ya tashi yana ganin kansila da jerin gwanon motoci yana buƙatar ya tsaya a nan ko na minti goma ne.

Daga Bauchi a bi hanyar Gombe zuwa Dindima, a karkata zuwa ƙofar Mainamaji, sannan a ratsa daji har Wikki. An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe ta ga masu ziyara a 1962, faɗinta kuwa ya haura murabba'in kilomita 2,200. A nan ne mai tsara tafiyar damina zai yi wa iyalinsa bayani tun daga gida, don kada rai ya ɓaci. Lokacin ganin namun daji shi ne rani, sa'ad da ruwa ya ƙafe ko'ina, giwa da ɓauna da gwanki suka taru a bakin Kogin Gaji. Da damina ruwa ya wadata, dabbobi sun watsu, ciyawa ta fi mutum tsawo, wasu hanyoyin cikin dajin kuma sun yi laka. Mai sa'a zai ga giwa, marar sa'a zai ga sawunta. Abin da damina ba ta taɓawa shi ne maɓuɓɓugar Wikki, ruwa garai-garai mai fitowa daga ƙarƙashin dutse, da ɗuminsa na kimanin digiri 31 dare da rana, rani da damina. Ga tsuntsaye iri-iri, ga gadu na yawo a tsakar sansani, ga gwaggon biri da ya ƙware wajen fizge ledar abinci daga hannun wanda ya yi sakaci. Kwana biyu a nan, waya a aljihu, ya isa ya wanke gajiyar zangon karatu.

Hanyar komawa ta Ningi tana da nata labarin. A cikin waɗannan duwatsu ne Malam Hamza da mabiyansa, da suka baro ƙasar Kano a tsakiyar ƙarni na 19 saboda saɓani a kan haraji, suka kafa ikon da ya gagari Kano da Bauchi da Zazzau shekaru da dama. Wanda ya ga yanayin wurin da idonsa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayanin yadda aka yi dawakai suka kasa. A Birnin Kudu kuma akwai zanen shanu na mutanen da a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa. Daga nan sai Wudil, a haye gada, a shiga Kano kafin magariba.

Saura sharuɗɗa, waɗanda in babu su gara a zauna a gida. Na farko, ba a tafiyar dare, ko da wane dalili. A tashi da asuba, a sauka kafin la'asar sakaliya. Na biyu, labarin hanya a tasha yake. Direbobin haya da suka iso da safiyar ranar sun fi kowace taswirar waya sanin inda ruwa ya yanke kwalbati da inda ba a bi a makon nan, domin ambaliyar Agusta takan raba hanya biyu cikin dare ɗaya. Idan suka ce kada a bi, a sauya hanya ko a ƙara kwana. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Na uku, a kai mota wurin bakanike mako guda kafin tafiya, a duba taya da birki da abin share gilashi, a tabbatar da safaya da jak, takardun mota kuma su cika saboda shingayen bincike. Na huɗu, a riƙi tsabar kuɗi daidai gwargwado, domin sabis yakan ɗauke a karkara, a riƙi gidan sauro da maganin zazzaɓi. Na biyar, a bar yini guda a cikin lissafi wanda ba a tsara masa komai ba, saboda ruwan sama da gajiyar yara ba sa neman izini.

Akwai haƙƙi a wuyan hukumomi ma. Jihohin Kano da Filato da Bauchi da Jigawa kowace tana da ma'aikatar da ke kula da yawon buɗe ido, amma matafiyi ba ya ganin iyakar jiha, hanya ɗaya yake gani. Da za su haɗa kai su tsare wannan zagaye, su gyara masaukai, su kafa alluna masu bayani da Hausa da Turanci a wuraren tarihi, da mai masara a Saminaka da mai nono a Toro da marinin Ƙofar Mata duk sun ga canji a aljihunsu. Kafin a kai ga haka, wanda Allah ya hore wa mota da lafiya da ɗan abin guzuri, ya zauna da iyalinsa a daren yau su buɗe taswira. Na zaune bai ga gari ba. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.